Naɗar Motsi: Sana'ar da ke Bayan Fage

Ya ku ɗalibai, idan aka tambaye ku abin da kuke so ku zama bayan kun gama makaranta, yawancinku za ku ce likita, ko lauya, ko injiniya. Waɗansu kuma za su ce 'yan wasan fim ko 'yan ƙwallo. Duk wannan buri ne mai kyau. Amma akwai wata sana'a da wuya a ji ɗalibi ya ambace ta, alhali kuwa yana yawan kallon aikin masu yin ta. Sunanta naɗar motsi. A ra'ayina, sana'a ce da ta cancanci ɗalibin Nijeriya ya sa ta cikin lissafinsa, da sharaɗin ya san daɗinta da wahalarta kafin ya shiga. Zan kawo muku dalilaina, zan kuma kawo hujjojin waɗanda ba su yarda da ni ba, domin ku auna da kanku.

Mece ce naɗar motsi?

Kun san yadda ake naɗar murya. Mutum ya yi magana, na'ura ta adana maganar, a saurare ta daga baya. Haka ake naɗar motsi. Mutum ya yi tafiya, ko gudu, ko rawa, ko faɗa, na'ura ta adana yadda kowace gaɓa ta jikinsa ta motsa. Ba ruwanta da kamanninsa, ko launin fatarsa, ko tufafinsa. Motsin kaɗai take ɗauka, ta mayar da shi lambobi. Daga nan sai a ɗora motsin a kan wata siffa da aka zana a kwamfuta, ko ta mutum, ko ta biri, ko ta dodo. Sai ka ga siffar tana motsi kamar mai rai.

Wanda ya kalli fim ɗin The Lord of the Rings kashi na biyu, wanda ya fito a 2002, zai tuna da wata ramammiyar halitta mai suna Gollum. Wani ɗan wasa ɗan ƙasar Ingila, Andy Serkis, shi ya yi motsinta da muryarta. Ma'aikatan kamfanin Weta Digital na ƙasar Niyu Zilan su suka naɗi motsin, suka gyara, suka gina halittar a kansa. Shuɗɗan mutanen nan dogaye na fim ɗin Avatar na 2009 ma haka aka yi su. A can har da motsin fuska aka naɗa, ta hanyar ɗaura wa kowane ɗan wasa ƙaramar kyamara a ka tana kallon fuskarsa. Ku kuma masu son wasan ƙwallo na kwamfuta, ku sani cewa gudu da yanka da bugun da kuke gani a allo sun samo asali daga jikin 'yan ƙwallo na gaskiya. Domin wasan FIFA 22, wanda ya fito a 2021, kamfanin EA Sports ya sa wa 'yan ƙwallo 22 rigunan naɗar motsi, suka buga wasa a fili, aka naɗi duk abin da suka yi.

Daga ina ta faro?

Kada ku ɗauka jiya aka fara wannan aiki. A 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ana so a san ko akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duka suke barin ƙasa sa'ad da yake sukuwa. Idon mutum ba ya iya rarrabewa saboda sauri. Hotunan suka nuna cewa lalle akwai wannan lokaci, kuma a lokacin ƙafafun suna tattare ne a ƙarƙashin cikin dokin. Gani ya kori ji. 'Yan shekaru bayan haka, wani masanin jikin ɗan Adam a Faransa, Étienne-Jules Marey, ya riƙa sa wa mutum baƙaƙen kaya masu fararen layuka a hannu da ƙafa, ya ɗauke shi hoto yana tafiya. Jikin ba ya fitowa a hoton, sai layukan kaɗai. Wannan ita ce dabarar da ake bi har yau: a ɓoye mutum, a bayyana motsinsa.

Ku lura da wani abu a nan. Waɗanda suka fara wannan aiki masu bincike ne, kuma sun yi shi tun kafin a san sinima. Tambaya ce ta dame su, suka ƙera kayan aikin da za su amsa ta. Har yau mai irin wannan hali ne yake jin daɗin sana'ar.

Yadda ake aikin

Ku ɗauka kun shiga ɗakin naɗar motsi. Babban zaure ne, an kewaye shi da kyamarori masu yawa a saman bango. Ɗan wasa yana sanye da matsattsun kaya. An manna masa ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli, kimanin hamsin, a kai da kafaɗu da gwiwar hannu da ƙugu da gwiwoyi da idon sawu. Kowace kyamara tana fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani. Hasken yana dukan ƙwallayen ya komo, sai kyamara ta gan su a matsayin ɗigo-ɗigo.

Kyamara ɗaya ba ta iya sanin nisan ɗigo daga gare ta. Ku gwada wannan: ku rufe ido ɗaya, ku yi ƙoƙarin haɗa bakin biro biyu a gabanku. Za ku ga abin ya yi wuya. Ku buɗe ido biyu, nan take ya yi sauƙi. Haka kyamarori suke. Idan biyu ko fiye suka ga ɗigo ɗaya daga kusurwoyi dabam-dabam, kwamfuta za ta lissafa ainihin wurin da yake. Lissafin kusurwoyin nan da kuke yi a aji, shi ne ƙashin bayan aikin.

Kafin ɗan wasa ya iso, ma'aikaci ya riga ya daɗe yana aiki. Yakan ɗauki wata sanda mai ƙwallaye ya zagaya ɗakin yana kaɗa ta, domin kowace kyamara ta san inda take da inda 'yan'uwanta suke. Yakan rufe duk abin da ke ƙyalli, domin ko agogon hannu yana iya rikita na'ura. Idan ɗan wasa ya zo, sai ya miƙe tsaye ya ware hannuwa, sa'an nan ya motsa gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, kwamfuta ta gina ƙwarangwal daidai da jikinsa.

Fim ɗin sinima yana tafiya da hotuna 24 a kowace daƙiƙa. Kyamarar naɗar motsi kuwa takan ɗauki 120, wani lokaci fiye da haka. To, ku yi lissafi. A minti ɗaya za a sami hotuna 7,200. Idan ƙwallaye 50 ne, an sami ɗigo 360,000 ke nan a minti ɗaya, daga jikin mutum ɗaya. Kuma ba duka ne suke fitowa daidai ba. Idan mutum biyu suka rungumi juna, ko ɗaya ya kwanta a ƙasa, waɗansu ƙwallaye za su ɓuya. Wani lokaci kwamfuta takan ɗauki ɗigon hannun dama ta ce na hagu ne. Dole wani ya zauna ya bi motsin a hankali, ya cike gurbi, ya gyara kuskure. Bayan wannan, wani kuma zai ɗora motsin a kan siffar da aka zana. Idan ɗan wasa gajere ne, siffar kuma doguwa, ƙafafunta za su riƙa zamewa a ƙasa sai an daidaita su.

Kun ga ke nan aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai mai kula da kyamarori, da mai shirya 'yan wasa, da mai gyaran motsi, da mai gina ƙwarangwal, da mai rubuta manhajojin da ke sauƙaƙa wa sauran aiki. Duk waɗannan ba a ganin fuskokinsu a allo, amma in ba su, babu fim.

Dalilan da suka sa nake ba ku shawara

Dalili na farko, sana'a ce da ta haɗa darussan da muka saba rabawa. A makarantunmu akan ce wannan ɗan ajin kimiyya ne, wancan ɗan ajin adabi ne, kamar ba abin da ya haɗa su. Mai naɗar motsi yana bukatar lissafi domin kusurwoyi, da fiziks domin haske da nauyi, da ilimin halittu domin ƙashi da tsoka. Yana kuma bukatar idon mai zane, wanda zai dubi allo ya ce, wannan tafiya ba ta mai baƙin ciki ba ce. Idan kana cikin ɗaliban nan da suke son lissafi kuma suke son wasan kwaikwayo, har kana ganin dole ka bar ɗaya, to ga sana'ar da take son ka riƙe duka biyun.

Dalili na biyu, ilimin bai tsaya a fim ba. Kamfanin Vicon na birnin Oksfod a Ingila, wanda kyamarorinsa suka shahara a masana'antar fim, da aikin lafiya ya fara. A asibitoci da dama a duniya akwai ɗakin nazarin tafiya, inda ake manna wa yaro mai larurar ƙafa ƙwallaye, a auna yadda yake taku kafin likitoci su yanke shawarar yi masa aiki. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a ƙasar Ƙatar, an kafa kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin kowane filin wasa. Suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, sau 50 a daƙiƙa, domin taimaka wa alƙalin wasa gane satar gida. Masu ƙera mutum-mutumi da masu horar da 'yan tsere su ma suna amfani da wannan ilimi. Wanda ya iya shi yana da ƙofa fiye da ɗaya.

Dalili na uku ya fi damuna. Motsi ma harshe ne, kuma kowace al'umma da nata. Ku dubi yadda ɗan dambe yake tsayawa, hannu ɗaya a miƙe yana kariya, ɗaya a ɗaure yana jiran kai bugu. Ku dubi rawar bata ta Yarabawa, da atilogwu ta Ibo, da suwange ta Tibi, da koroso ta Hausawa. Ku dubi yadda mace take tafiya da tulu a ka da goyo a baya, da yadda yaro yake durƙusawa ko kwanciya ya gai da babba. Wanda bai tashi cikin waɗannan ba, ko ya naɗe su, da wuya ya gane in an yi kuskure wajen gyara. Fina-finan zane masu ba da labarinmu sun fara fitowa. A 2020 aka fitar da Lady Buckit and the Motley Mopsters, dogon fim na zane da aka yi a Nijeriya. A 2024 kamfanin Disney, tare da kamfanin Kugali wanda matasan Afirka suka kafa, ya fitar da Iwájú, labarin da ya faru a birnin Legas na nan gaba. Irin waɗannan ayyuka za su ƙaru. Ko mu koya ko kada mu koya, za a sa ɗan Nijeriya a fim da wasan kwamfuta. Tambayar ita ce, wa zai tabbatar yana tafiya kamar ɗan Nijeriya?

Abin da masu suka suke cewa

Wani zai ce, kayan aikin nan suna da tsada ƙwarai, ga matsalar wutar lantarki, ga ƙarancin wuraren aiki a ƙasarmu. Wannan gaskiya ne, kuma kada kowa ya ruɗe ku. Manyan ɗakunan naɗar motsi suna ƙasashe kamar Amurka da Ingila da Kanada da Niyu Zilan da Japan. Sai dai hanyar kyamarori masu yawa ba ita kaɗai ba ce. Akwai rigunan da aka ɗinka wa ƙananan na'urori masu jin juyi da girgiza, irin waɗanda ke cikin wayar hannu suna juya hoto idan an juya wayar. Kamfanin Xsens na ƙasar Holan da Rokoko na Denmak suna yin su. Ba sa bukatar babban zaure, kuma sun fi araha nesa ba kusa ba, ko da yake suna da nasu aibin: ƙarfe yana iya rikita su, kuma a hankali sukan kauce daga ainihin wurin da mutum yake tsaye. Akwai kuma manhajojin da ke ciro motsi daga bidiyon da aka ɗauka da waya. Manhajar Blender, wadda ake gina siffofi da gyara motsi da ita, kyauta ce ga kowa. Aikin gyaran motsi kuma ana iya yin sa daga nesa ta intanet. Ƙofar ba a buɗe take wangam ba, amma ba a kulle take ba.

Wani kuma zai ce, ƙirƙirarriyar basira za ta cinye wannan aiki kafin ku gama jami'a. Wannan suka ce mai nauyi. Lalle kwamfuta tana ƙara iya gyara kurakurai da kanta, kuma ayyukan maimaici za su ragu. A Amurka, 'yan wasan da ke ba da murya da motsi ga wasannin kwamfuta sun shiga yajin aiki a watan Yuli na 2024, suka yi kusan shekara guda. Babban abin da suka nema shi ne kada a yi amfani da muryarsu ko motsinsu wajen ƙirƙirar kwafinsu ba tare da izininsu da biyansu ba. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, wanda ya iya danna maɓallan manhaja ɗaya kawai yana cikin haɗari. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa abin yake aiki, shi za a kira idan na'ura ta yi shirme. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma mai tushe ne yake iya sauyawa.

Suka ta uku ita ce rashin tabbas da rashin yabo. Yawancin aikin fim na kwangila ne. In fim ya ƙare, sai a nemi wani. A 2013 kamfanin Rhythm & Hues, wanda ya yi damisar fim ɗin Life of Pi, ya bayyana cewa ya karye, makonni kaɗan kafin aikin nasa ya ci lambar yabo ta Oscar. Sau da yawa kuma ɗan wasa ne yake shan tafi, ma'aikatan da suka kwana gaban allo ba a san sunansu ba. Hausawa suna cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba zan ce muku wannan ƙarya ne ba. Wanda burinsa a san fuskarsa a titi, ya nemi wata hanya. Wanda yake son albashin da ba ya yankewa, ya yi tunani sosai, ko ya karkata zuwa ɓangaren lafiya da bincike. Amma rashin yabo ba ya rage darajar aiki. Ba mu san sunan maginan da suka gina makarantarku ba, ga shi kuwa kuna zaune a inuwarta.

Me za ku yi tun yanzu?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko, ku riƙe lissafi da fiziks da ilimin halittu da kyau, ko da kuna ganin sun yi nisa da fim. Na biyu, idan kuna da damar taɓa kwamfuta, a makaranta ko a gida, ku fara koyon Blender da harshen kwamfuta mai suna Python, wanda masana'antar fim take yawan amfani da shi. Na uku ba ya cin ko sisi: ku koyi kallo. Ku zauna a bakin filin wasa ku dubi yadda abokanku suke gudu. Wace ƙafa ce take ɗaukar nauyi? Me kafaɗa take yi sa'ad da ƙugu ya juya? Ina bambancin tafiyar tsoho da ta gajiyayyen saurayi? Ku zana abin da kuka gani da 'yan layuka a littafinku, kamar yadda Marey ya yi da kyamara. Na huɗu, ku shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, ko da aikin labule da fitila za a ba ku. A nan ake koyon haƙuri da mutane. Ɗan wasan da ya yi awa shida cikin matsattsun kaya yana bukatar ma'aikacin da ya san girmama jikin mutum, ya nemi izini kafin ya taɓa shi, ya kuma iya lallashi.

Bayan sakandare, hanyoyi suna da yawa. Ana shiga wannan sana'a daga ilimin kwamfuta, ko injiniyanci, ko zane, ko nazarin motsa jiki, ko karatun fim kamar wanda ake yi a Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos. Masu ɗaukar ma'aikata a wannan fanni sukan nemi ganin aikin da mutum ya yi da hannunsa. Saboda haka ku riƙa adana duk abin da kuka gwada, komai ƙanƙantarsa.

Ku kuma 'yan mata, kada wani ya ce muku wannan aikin maza ne. Ba ƙarfin damtse yake bukata ba. Natsuwa yake bukata, da lura, da juriya, kuma ba a raba waɗannan tsakanin namiji da mace ba.

Idan kun koma gida kuka ambaci wannan sana'a, wataƙila iyayenku su yi shiru, ko su ce wasa ne. Kada ku yi musu gardama. Tsoronsu na ƙauna ne, suna so ku sami abin dogaro. Ku bayyana musu abin da kuka karanta, da daɗin da wahalar duka. Ku nuna musu cewa darussan da wannan hanya take bukata su ne dai waɗanda injiniya da masanin kwamfuta suke bukata, don haka ko kun sauya ra'ayi daga baya ba ku yi asara ba.

Ban ce kowannenku ya zama mai naɗar motsi ba. Ƙasa tana bukatar likitoci da manoma da malamai fiye da haka. Abin da nake roƙo shi ne, a kowane aji a sami ɗaya ko biyu da za su dubi allo su tambayi kansu yadda aka yi abin, sa'an nan su tashi su nemi amsa. Nijeriya tana da labarai, tana da 'yan wasa, tana da masu kallo. Waɗanda suka san na'ura ciki da waje ne muke da ƙarancinsu, kuma daga irin azuzuwanku za su fito.